Babi na Biyar: Gida a Sama, Kasuwa a Ƙasa

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 ya bar Marseille, babbar tashar jiragen ruwan Faransa a gaɓar Bahar Rum, cikin tsananin ƙarancin muhalli. A farkon 1943 sojojin Jamus sun kori mutanen tsohuwar unguwar da ke bakin tashar, suka sa nakiya suka rushe ta. A watan Mayun 1944 kuma jiragen ƙawance suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Dubban iyalai suka rasa wurin sa haƙarƙari. Ministan sake gina ƙasa, Raoul Dautry, ya kira wani mai zanen gine-gine haifaffen Suwizalan, wanda duniya ta sani da Le Corbusier, ya ce ya gina wa birnin gidaje.

Mutumin ya shafe sama da shekara ashirin yana rubutu da zane a kan yadda za a zaunar da jama'a masu yawa a fili kaɗan, amma babu hukumar da ta taɓa sakar masa mara ya gwada a babban aiki. Ya karɓa bisa sharaɗin kada a ɗaure shi da dokokin ginin lokacin. Aka aza harsashi a 1947, aka buɗe ginin a watan Oktoban 1952 a titin Michelet, kudu da tsakiyar gari. Sunansa Unité d'Habitation. Tsawonsa ya haura mita 130, faɗinsa mita 24, tsayinsa mita 56, yana tsaye a kan manyan ƙafafun kankare ta yadda mutum zai ratsa ta ƙarƙashinsa. A ciki akwai gidaje 337 iri 23, tun daga ɗakin mutum ɗaya har sashen babban iyali, waɗanda aka shirya wa mutum wajen 1,600. Ga shaguna, ga otal, ga makarantar yara, ga wurin motsa jiki. Mutanen gari suka ɗaga kai suka duba, suka laƙaba masa suna gidan mahaukaci. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da wasu ayyukan mai zanensa.

Duk mai son ɗora ƙananan gidaje a kan shaguna yana da tambayoyi biyu a gabansa. Yaya za a matse gida ba tare da an ƙuntata wa mai zama a ciki ba? Kuma idan kasuwa da wurin kwana suka haɗa gini ɗaya, ina kasuwar za ta zauna? Ginin Marseille ya dace a ta farko, ya kauce hanya a ta biyu, kuma masu zane sun ƙaru da kaucewar kamar yadda suka ƙaru da dacewar.

Awo daga jikin mutum

Tun a shekarun yaƙi Le Corbusier ya fara haɗa ma'aunin da ya kira Modulor. Ya ɗauki mutum mai tsayin mita 1.83, wanda idan ya miƙa hannu sama zai kai mita 2.26. Daga nan ya fitar da awon ginin. Tsayin silin mita 2.26 ne. Faɗin gida daga bango zuwa bango mita 3.66 ne, wato tsayin wannan mutumin sau biyu.

Duk wanda ya taɓa riƙe magwajin birkila ya san silin mai mita 2.26 ya yi ƙasa, mita 3.66 kuwa faɗin ɗakin kwana ɗaya ne, ba na gida ba. Dabarar ita ce abin da ya hana a faɗi, ya biya a tsawo da tsayi. Gidan iyali ya ratsa ginin gaba ɗaya, daga fuskar gabas zuwa fuskar yamma, mita 24 har da barandoji. Hawa biyu ne, kuma a gefe ɗaya an bar falo a buɗe har sama, kusan mita 4.8, da gilashi tun daga ƙasa har silin. Idan aka haɗa lissafi, irin gidan da ya fi yawa a ginin ya kai murabba'in mita 98. Ke nan a jimla ba ƙaramin gida ba ne. Kowane ɓangarensa ne aka tsuke har iyaka, don a tara rarar a wuri ɗaya.

Ido ba ya lissafin murabba'in mita. Abin da yake aunawa shi ne nisan da zai hanga kafin bango ya tare shi. Mutum ya shigo ta ƙaramar ƙofa, ya wuce ƙarƙashin gajeren silin, sai ya faɗo falo mai ninkin tsayin, haske na kwararowa. Matsin da ya baro a baya shi ke sa ya ji sararin. Da an raba tsayin daidai wa daida a ko'ina, da babu inda zai yi matsi, babu kuma inda zai yi daɗi.

Tagogi a ƙarshen gida biyu suna nufin rana tana leƙowa da safe ta wannan gefe, da yamma ta wancan, iska kuma tana shiga ta nan ta fita ta can. Kowace taga tana cikin baranda mai zurfi da inuwar kankare, wadda ke tare ranar bazara idan ta take tsaka, ta bar ta hunturu ta shigo tunda ita ƙasa-ƙasa take bi. Fuskar arewa kuwa an toshe ta ba taga, saboda daga can iska mai sanyi da ƙarfi da ake kira mistral take busowa.

Lungu ɗaya ga hawa uku

A benen da aka saba gani, kowane hawa yana da lungunsa a tsakiya, ƙofofi dama da hagu. Lungun yana cin fili, sannan yana raba ginin biyu, sai kowane gida ya tashi da fuska ɗaya tak. Iska ta shigo ta rasa mafita.

A Marseille an sa lungu ɗaya ya wadaci hawa uku. Gidaje biyu ne suke rungume da shi. Na farko, ka shiga daga lungu ka tarar da kicin da falo, ka hau matakala zuwa ɗakunan kwana, waɗanda suka bi ta saman lungun suka ratsa ginin. Na biyu, ka shiga daga ɗaya gefen, ka sauka matakala zuwa hawan da ya bi ta ƙarƙashin lungun. Ta haka kowa ya sami fuska biyu, lifta kuma ta rage wuraren tsayawa. Ba shi ya fara wannan tunani ba. Moisei Ginzburg da Ignaty Milinis sun gwada makamancinsa a ginin Narkomfin na Mosko a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da shi ma Le Corbusier yake kai-kawo a birnin kan wani aiki nasa.

Ya kira lungunan tituna, ya ba su faɗin kusan mita uku, kowace ƙofa da launinta da fitilarta. Amma titin da babu taga duhu gare shi dare da rana. Akwai kuma abin da zane bai nuna ba sai da aka tare. A gidan da ake hawa sama, ɗakin iyaye buɗe yake yana kallon falo, don haka duk maganar da aka yi a ɗaya ana jin ta a ɗayan. A gidan da ake sauka ƙasa, falon da ɗakin iyaye kusan wuri ɗaya suka zama. Mazauna da dama daga baya sun shimfiɗa daɓe sun rufe sararin, suka sadaukar da tsayin falo don su sami sirri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsakanin maƙwabci da maƙwabci kuwa an yi aiki mai kyau. Le Corbusier ya kwatanta gidajen da kwalabe a cikin kiret: ƙashin ginin na kankare shi ne kiret ɗin, kowane gida kwalba ce da aka zura a gurbinta. Gidan bai manne da ƙashin kai tsaye ba, an sa masa matasan dalma a tsakani don kada takun ƙafa da ƙara su bi kankare su shiga gidan wani. A ƙaramin gida wannan ba ado ba ne. Wanda yake jin tarin maƙwabcinsa, gidansa ya ƙara raguwa ko da awon bai sauya ba.

Abin da aka cire daga ɗaki

Tarihin matse kicin ya girmi ginin Marseille. A 1926 Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar ƙasar Ostiriya, ta zana wa gidajen ma'aikata na Frankfurt a Jamus kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, bayan an auna lokaci da takun da mai girki ke yi tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da ma'ajiyar kayan abinci. An gina wajen 10,000 irinsa. Aibinsa ɗaya: ya kulle mai girki ita kaɗai a bayan ƙofa. Charlotte Perriand, wadda ta tsara asalin kicin ɗin Marseille, ta ƙara matse shi bai kai murabba'in mita biyar ba, amma ta rushe bangon da ke tsakaninsa da wurin cin abinci, ta sa teburin miƙa abinci a madadinsa. Uwa tana girki tana ganin 'ya'yanta. A bangon da ke kallon lungu an bar ƙaramar ƙofa inda mai kawo burodi da madara zai ajiye ba tare da ya ƙwanƙwasa ba, da wata inda ake zuba ƙanƙara a akwatin sanyaya abinci daga waje.

Ɗakunan yara biyu ne a jere, kowanne faɗinsa bai wuce mita 1.8 ba. Rabin bangon da ya raba su ƙofa ce mai zamewa wadda aka yi mata fentin allo. Da dare a ja ta, kowa da ɗakinsa. Da rana a tura ta, a sami filin wasa da wurin rubutu. Kabad-kabad da durowoyi kuwa an gina su cikin bango tun farko, domin a gida siriri kayan ɗakin da aka sayo daga kasuwa su ne ke toshe hanya.

Amma babbar dabarar ba a cikin gidan take ba. Duk abin da aka cire daga gida, an mayar da shi a wani wuri a cikin ginin. Babu ɗakin baƙi, amma akwai otal a hawa na tsakiya inda za ka sauki surukinka. Babu tsakar gida, amma a kan rufi an tanadi hanyar gudu mai mita 300, da ɗan tafkin da yara ke wasa, da ɗakin motsa jiki, ga teku da duwatsu ana hangowa. Makarantar ƙananan yara tana hawa na ƙarshe, har yau tana aiki. Iyali ba su rasa komai ba, sai dai abin da a da nasu ne su kaɗai ya koma na tarayya. Ƙaramin gida bashi ne da ginin ya ci, kuma dole ya biya a wajen ƙofar gidan.

Gwaji biyu: Tokyo da New York

A 1972 Kisho Kurokawa ya gina hasumiyar Nakagin a Tokyo, ɗakuna 140 da aka ƙera a masana'anta aka kawo aka ɗaure a jikin ginshiƙai biyu, kowane ɗaki da manyan ƙusoshi huɗu. Faɗin ɗaki mita 2.5, tsawonsa mita 4, wato murabba'in mita goma, da gado da banɗaki da taga ɗaya zagayayya. An yi su ne don ma'aikatan da ke kai dare a ofis, wasu kuma suka mayar da su ofisoshi. Shirin shi ne a riƙa cire ɗakunan ana sabunta su duk shekara 25. Ko ɗaya ba a taɓa sauyawa ba, domin ba a iya zare ɗaki sai an ɗaga na samansa. Bututun ruwa sun bi ta inda hannu ba ya kaiwa, suka ruɓe, ruwan zafi ya ɗauke, rufi ya kama yoyo. A 2022 aka rushe ginin. An ƙure dabara a cikin ɗakin, aka bar abin da ɗakunan suka yi tarayya a kai ba mai kula da shi.

New York kuwa a 1987 dokarta ta hana gina gidan da bai kai kimanin murabba'in mita 37 ba a yawancin unguwanni masu cunkoso. A 2012 magajin gari Michael Bloomberg ya sa gasa, ya ɗage dokar a fili ɗaya don gwaji. Sakamakon shi ne Carmel Place da aka buɗe a 2016, gidaje 55 masu murabba'in mita 24 zuwa 33. Masu zanen sun bi sawun Marseille: silin kusan mita uku, dogayen tagogi, ma'ajiyar kaya a saman banɗaki, gadon da ake naɗewa ya shige bango. Sannan ga ɗakin motsa jiki, ga falon tarayya, ga wurin wanki, ga filin shan iska a sama. Dokoki suna yanke iyakar ƙasa, kamar murabba'in mita 37 ga mutum ɗaya a ma'aunin Ingila na 2015, ko mita 9 da Faransa ta sa wa ɗakin haya a 2002. Amma lamba ba ta gaya maka ko gidan zai zaunu. Tsayi da haske da iska da abin da ke wajen ƙofa su ke faɗa.

Kasuwar da aka rataye

A Carmel Place shago yana ƙasa, a bakin titi. Le Corbusier kuwa ya ɗauki kasuwarsa ya kai ta hawa na 7 da na 8. Hujjarsa a takarda ba ta da aibi: a tsakiyar gini, na sama da na ƙasa duk tafiyarsu ɗaya. Ya tanadi wurin mahauci, da mai kifi, da mai burodi, da mai kayan masarufi, da mai aski, da gidan waya.

Sai dai ɗan kasuwa ba da nisa yake lissafi ba, da ƙafa yake yi. Mutum 1,600 ba su isa su riƙe wannan jerin shaguna ba. Mai wucewa a titin Michelet kuwa ba ya ganin ko allon suna. Sai ya ratsa lambu, ya shiga ƙarƙashin ginin, ya jira lifta, kafin ya san ana sayar da wani abu a sama. Da masanin birane na Amurka Lewis Mumford ya yi rubutu a kan ginin a 1957, kasuwar da ta ƙi cika tana cikin manyan abubuwan da ya soka. A hankali masu kayan abinci suka ja baya, ofisoshi da shagon littattafai da wurin baje kolin zane suka maye gurbinsu. Otal da gidan abincinsa suna rayuwa ne da baƙin da ke zuwa kallon ginin kansa. A irinsa da aka gina a garin Rezé na Faransa a 1955, da na Berlin bayansa, ba a sake rataye kasuwa a tsakiya ba. A Berlin ma hukuma ta tilasta a ɗaga silin zuwa mita 2.5.

Abin mamakin shi ne amsar tana Faransa tun ƙarni guda kafin nan. Benayen da suka cika Paris zamanin da Haussmann ya sake fasalin birnin, tsakanin 1853 da 1870, shaguna ne a ƙasa suna kallon titi, ɗan gajeren hawa a kansu na ajiyar kaya ko kwanan mai shago, gidajen iyalai a sama, ƙananan ɗakunan 'yan aiki a ƙarƙashin rufi. A Singafo, tsarin garin da Baturen mulkin mallaka Raffles ya bayar a 1822 ya wajabta wa gidajen da ke da shago a ƙasa su bar rumfa mai faɗin ƙafa biyar a gabansu, don mai tafiya ya sami inuwa yana kallon haja. A 1961 Jane Jacobs ta rubuta littafinta a kan manyan biranen Amurka, inda ta nuna cewa shagon bakin titi ba ciniki kaɗai yake yi ba, gadin unguwa yake yi, domin mai shago yana ganin mai shiga da mai fita.

Rigimar da ba a gani daga titi

Sa shago a ƙasa bai kashe magana ba, domin shago da gida bukatunsu sun saɓa. Shago yana son fili a buɗe da ginshiƙai nesa da juna. Ƙananan gidaje suna son bango kowane mita uku ko huɗu. Sai injiniya ya sa katafaren bim ko daɓe mai kauri a tsakani ya karɓi nauyin sama ya rarraba wa ginshiƙan ƙasa, kuma wannan hawa ɗaya yana cin kuɗi sosai. Banɗakuna da kicin dole su hau kan juna a layi ɗaya daga sama har ƙasa, a kuma san inda bututunsu za su sauka don kada su ɓullo a tsakiyar shago. Idan mai abinci ne a ƙasa, hayaƙinsa sai an ja shi a bututu har saman rufi, in ba haka ba tagar hawa na farko ba za ta buɗu ba. Daɓen da ya raba shago da gida sai ya iya tsayar da wuta, matakalar 'yan sama kuma ta fita waje kai tsaye ba ta cikin shago ba. Ƙofar gida daban, ta ciniki daban, ta sauke kaya da kwashe shara daban.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba baƙon wannan ba ne. Sabon Gari da titin Ahmadu Bello cike suke da benaye masu shaguna a ƙasa, gidajen haya ko ofisoshi a sama. A nan rigimar ta ƙara da janareta da tankin ruwa da tukunyar gas. Kuma ba duk abin da ya yi aiki a Marseille zai yi a nan ba. Silin mai mita 2.26 azaba ce a zafin watan Afrilu, fanka ma ba ta da wurin juyawa. Gilashin da ke kallon gabas da yamma yana kwasar ranar da baranda ba ta iya tarewa, don haka a ƙasashenmu tagogi arewa da kudu suka fi. Kicin a buɗe ba zai yi wa gidan da ake soya manja da daddawa ba, balle gidan da ba a son baƙo ya hango matan gida, aikin da zaure ya daɗe yana yi. Abin da zai ƙaura lafiya shi ne iska mai ratsa gida, da inuwa mai zurfi, da ƙofar iyali da ba ta haɗa hanya da masu saye ba, da rufin da aka mayar tsakar gida.

Matsalar ita ce wannan na ƙarshen ba ya kawo kuɗin haya. Faffaɗan lungu, da wurin shanya, da filin wasan yara, da ɗakin saukar baƙi, babu wanda mai gida zai rubuta wa rasit a kansa. Idan lissafi ya matse, su ake fara yankewa, ko a toshe su da bulo a fitar da ƙarin shago. Ginin Marseille kuɗin gwamnati ne ya gina shi, na New York kuma a filin hukuma aka yi shi da sharuɗɗanta. Inda mai kuɗi ne shi kaɗai yake yanke hukunci, ƙananan ɗakunan za su samu, amma biyan bashin ba zai samu ba sai doka ta tilasta ko kasuwa ta saka wa wanda ya biya. Wa ke rubuta wannan doka, kuma wa ke ɗaukar nauyinta, shi ne zancen babi na gaba.